Ambaliya Ta Wuce, Danshi Ya Rage: Yadda Za Ka Busar Da Kafet Ɗin Motarka

Wataƙila ka yi mamakin ganin zancen mota a mujallar asibiti, ka ce ina ruwan likita da aikin kanikawa. Ka ɗan yi haƙuri ka karanta, za ka ga haɗin.

Ka ɗauki misalin magidancin da yake kai yaransa makaranta kowace safiya. An tafka ruwa da daddare, lambatu ya cika ya tumbatsa, ruwa ya kwanta a layinsu har ya shiga motarsa ta ƙarƙashin ƙofa. Da gari ya waye ya kwashe ruwan da roba, ya goge da tsumma, ya bar motar a rana yini guda. Ya shafa kafet ya ji ya bushe, ya ce shi ke nan. Bayan mako biyu ƙaramar 'yarsa mai ciwon asma ta fara tarin dare, numfashinta yana fita da ƙyar. An daina shara tana ɗaki, an raba ta da kyanwar gidan, an sauya mata matashin kai, abu dai ya ƙi. Ba wanda ya tuna da motar da take shiga sau biyu a rana, gilasai a rufe. Irin wannan shi ne dalilin rubutunmu na yau.

Ruwan Ambaliya Ba Ruwan Sama Ba Ne Kaɗai

Mutanen Maiduguri ba za su manta da watan Satumba na 2024 ba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye unguwanni da kasuwanni, ya shanye motoci a kan titi, abin da rabon garin da ganin irinsa tun 1994. Haka Mokwa ta Jihar Neja a watan Mayu na 2025. Amma ba sai madatsa ta ɓalle ba. Ruwan sa'a biyu a watan Agusta, in ya tarar da magudanan da leda ta toshe, ya isa ya kai har kujerar mota.

Wannan ruwa kuwa, kafin ya iso motarka, ya bi ta kwata da bola da turken dabbobi, wani lokaci ya haɗu da masan da suka cika suka yi ambaliya. Yana ɗauke da ƙwayoyin cutar kwalara da taifot da ciwon hanta nau'in A da E, waɗanda duk ta baki suke shiga, daga hannun da ya taɓa ƙazanta zuwa abinci. Nau'in E ya fi tsanani ga mata masu juna biyu. Akwai kuma cutar fitsarin ɓera, wadda likitoci ke kira leftosifirosis. Ba ita ce zazzaɓin Lasa ba. Ƙwayar cutar tana fita ne a fitsarin ɓeraye da shanu da karnuka, ta zauna cikin ruwa da taɓo, ta shiga jikin mutum ta rauni ko ta ido da hanci da baki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ɗan yankan da ke yatsanka ko fason da ke dugaduginka ya ishe ta ƙofa.

Saboda haka, kafet ɗin da ruwan titi ya jiƙa yana buƙatar abu biyu, wanki da busarwa. Ɗaya ba ya wadatarwa.

Me Ya Sa Sama Ke Bushewa, Ƙasa Na Jiƙe?

Kafet ɗin mota ba kamar dardumar ɗaki ba ne. Hawa-hawa yake. A sama akwai tabarmar roba ko ta yadi da kake cirewa ka kakkaɓe. Ƙarƙashinta kafet ne na ainihi, wanda galibi bayansa yake da shafen roba. Ƙarƙashin wannan kuma akwai soso mai kauri ko matsattsen zare da aka shimfiɗa don rage ƙara da zafi. Daga nan sai ƙarfen gindin mota.

Soson nan shi ne matsalar. Yana shan ruwa ya riƙe, shafen robar da ke samansa kuma ya hana ruwan fita ya bi iska. Don haka kana iya shafa kafet ka ji shi ƙamas, alhali ƙarƙashinsa sharkaf yake, kuma yana iya zama haka makonni, musamman a damina da iska kanta take da laima.

Wuri mai duhu da ɗumi da danshi shi ne gonar fumfuna. Tana iya fara tsirowa cikin sa'o'i 24 zuwa 48 a kan abin da ya jiƙe. Tana sakin 'ya'yanta ƙanana da ido ba ya gani su bi iska, kai kuma ka shaƙa. Cikin mota wuri ne ƙarami, in ka rufe gilasai ka kunna iyakwandishan, iskar nan ce dai take ta zagayawa tsakanin kafet da huhunka. A 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a kan danshi da fumfuna a wuraren zaman mutane, inda ta nuna alaƙarsu da tari da toshewar ƙirji da tashin asma.

Su Wa Abin Ya Fi Shafa?

Mutum mai ƙoshin lafiya yana iya tsira da atishawa da yoyon hanci da ƙaiƙayin ido. Amma akwai waɗanda abin ba wasa ba ne a gare su:

Masu ciwon asma, yara da manya, da masu yawan mura da toshewar hanci.

Waɗanda suka taɓa yin tarin tibi, ko da sun warke. Tibi yakan bar rami a huhu, akwai kuma wata fumfuna mai suna asfajilus da take iya zama cikin ramin ta yi girma, ta kawo tari mai daɗewa, wani lokaci da jini.

Masu raunin garkuwar jiki: masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau da ba su daidaita a kan magani ba, masu shan maganin ciwon daji, waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, da masu ciwon sukarin da ya ƙi sauka.

Jarirai da tsofaffi, da direbobin haya da suke yini cikin mota tun safe har dare.

In kana cikin waɗannan, kada ka yi aikin wankin da kanka, kada kuma ka tsaya kusa lokacin da ake ɗaga kafet. Ka ba wani.

Kafin Ka Taɓa Komai

Abu na farko, ka duba inda ruwan ya kai. Taɓo yakan bar layi a jikin ƙofa da kujeru. In ya wuce ƙasan ƙofa ya kai kujera ko ya taɓa injin, kada ka tayar da motar don ka gani ko tana aiki. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. In ruwa ya shiga cikin injin, murɗa makulli sau ɗaya ya isa ya lanƙwasa ƙarafan ciki. Ka zaro sandar auna baƙin mai. In ka ga man ya yi fari-fari kamar shayi da madara, ruwa ya shiga. A jawo motar zuwa wurin bakanike.

Na biyu, a cire kan baturi, a fara da wanda ke da alamar ragi. A motoci da yawa wayoyi suna bi ta ƙarƙashin kafet, na'urar da ke sarrafa jakar iskar kariya ma galibi a ƙasa take, tsakanin kujerun gaba. Mahaɗan wayoyinta rawaya ne, za ka gan su ƙarƙashin kujera. A jira 'yan mintoci bayan cire baturi kafin a taɓa su, kuma ya fi kyau mai gyaran wayarin mota ya yi. In motarka mai haɗa fetur da lantarki ce, ko mai lantarki zalla, kada ka taɓa wayoyi masu launin ruwan lemo. Wutarsu tana kisa. Ka kira wanda ya san aikinsu.

Na uku, ka kare jikinka. Ka sa safar hannu ta roba mai kauri da dogon takalmin roba da takunkumi. Ka rufe duk wani rauni da filasta mai hana ruwa. Kada ka zura hannu ƙarƙashin kujera ko cikin but ba tare da ka haska ba, domin macizai da kunamu ma tudu suke nema in ruwa ya kore su. Kada ka ci ko ka sha komai har sai ka gama ka wanke hannu da sabulu.

Matakan Wanki Da Busarwa

1. Ka fara da wuri. Kwana biyun farko su ne masu muhimmanci. Ka kai motar fili inda rana da iska suke, ka buɗe duk ƙofofi da but.

2. Ka fitar da komai: tabarmin roba, dardumar salla, takalma, littattafan yara, rigunan kujera. Abinci da magungunan da ruwan ya taɓa a zubar da su, ko da suna cikin kwali.

3. Ka kwashe ruwan da ya kwanta. Masu wankin mota da yawa suna da injin zuƙe ruwa, shi ya fi sauri. In babu, ka yi amfani da soso da tsofaffin tawul, kana dannawa kana matsewa a bokiti. A gindin yawancin motoci akwai ƙananan marufan roba da ake cirewa ruwa ya zube. In an cire su a tabbata an mayar.

4. Ka ɗaga kafet. Wannan shi ne matakin da mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin aikin. A cire robobin da ke bakin ƙofa, a ɗaga kafet daga gefe. In ruwan ya yi yawa, a kwance kujeru a fitar da kafet ɗin gaba ɗaya. Mai ɗinkin kujerun mota ya saba da wannan aiki.

5. Ka yanke hukunci a kan soso. In ruwan kwata ne ya jiƙa shi, ko ya wuce kwana biyu a jiƙe, ko ka ga baƙi-baƙi ko kore-kore a jikinsa, a jefar da shi a sa sabo. Ba ya wankuwa har ciki. In ruwan sama ne mai tsabta kuma an same shi da wuri, a matse shi a shanya shi daban.

6. Ka wanke kafet da ruwa mai tsabta da omo da buroshi, ka ɗauraye har sai ruwan ya fita fari. Ka rataye shi a kan katanga ko igiya mai ƙarfi yadda ruwan zai tsiyaye, kana juya shi rana ta bugi gaba da baya.

7. Ka wanke ƙarfen gindin motar da tabarmin roba da omo tukuna, sannan ka goge su da ruwan bilic da aka tsarma. Kada ya wuce kofi ɗaya, kimanin mililita 250, a cikin lita 4 ta ruwa. Ka bar shi kamar minti 10, ka goge da ruwa mai tsabta, ka tsane, domin bilic yana cin ƙarfe in ya daɗe. Kada ka sa shi a kafet ko yadin kujera don yana kashe launi. Kada kuma ya taɓa bel ɗin kujera, domin yana raunana zarensa, ranar hatsari ya tsinke. Bel a zaro shi duka, a wanke da sabulu mai sauƙi, a bar shi ya bushe kafin ya koma.

8. Ka sa iska ta ratsa. Fanka ɗaya ko biyu da ke hura iska ƙarƙashin kafet ɗin da aka tokare da katako sun fi rana kaɗai aiki. A kula waya da soket kada su taɓa ruwa. Aikin yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku, ya danganta da yanayi.

9. Kada ka manta da ramin safaya a cikin but. Ruwa yakan kwanta a nan makonni ba wanda ya sani. Haka aljihunan ƙofa da ƙasan kujerar baya.

10. In motarka tana da matatar iskar ciki, wadda galibi take bayan akwatin ajiya na gaban fasinja, a duba ta. In ta jiƙe ko tana wari a sauya ta. Bayan bakanike ya tabbatar motar ta tashi lafiya, kunna iyakwandishan a fili yana taimakawa wajen janye sauran laimar.

Kurakurai Huɗu Da Ke Kawo Mutane Asibiti

Na ɗaya shi ne sa kaskon garwashi cikin mota a rufe ƙofofi wai don zafi ya busar da ita, ko barin injin yana aiki da hita a cikin rufaffen gareji. Duka biyun suna tara iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce dai iskar da ke kashe iyalai cikin barci in aka kwana da janareta a cikin gida. Tana manne wa jini fiye da iskar oksijin sau sama da 200. Alamominta ciwon kai ne da jiri da tashin zuciya da kasala da ruɗewa. Wanda ya ji haka a fitar da shi iska nan take a kawo shi asibiti. Janaretan da zai ba fanka wuta ma a ajiye shi nesa, a fili. Gawayin da ba a hura ba, in aka ajiye shi cikin kwano a mota, yana ɗan rage wari kuma ba shi da illa. Mai wuta ne haɗari.

Na biyu shi ne haɗa bilic da wani sinadari, musamman na wanke masai, da tunanin zai fi ƙarfi. Haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ido da maƙogwaro da huhu. Bilic da ruwa kawai ake haɗa shi.

Na uku shi ne rufe wari da turaren wuta ko na feshi. Ruwa ba ya tsami banza. Warin danshi saƙo ne cewa akwai abin da bai bushe ba. Turare ba ya kashe fumfuna, ga mai asma kuma hayaƙin da ƙamshin kansu suna iya tayar masa da ciwo.

Na huɗu shi ne barin yara suna wasa a motar da aka shanya a rana. Yaro yana iya shiga ya ja ƙofa ta rufe, zafin cikin mota kuwa yana hauhawa cikin mintoci, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Ka riƙe makulli, ka sa ido, ka kuma ɗauke bokitin bilic daga inda hannunsu zai kai.

Yaya Za Ka San Ya Bushe?

Kada ka yarda da tafin hannunka a saman kafet. Ka zura takardar jarida ƙarƙashinsa ka taka da ƙafa. In ta fito da laima, da saura. Ko ka shimfiɗa leda a kan kafet ka rufe motar ta kwana. In da safe ka ga raɓa a ƙarƙashin ledar, ko gilasai sun yi gumi ta ciki, da saura. Hancinka ma shaida ne: ka buɗe ƙofa da sassafe ka ji abin da ya fara tarbarka.

In kafet yana ta jiƙewa ba tare da ambaliya ba, a nemi inda ruwan ke shigowa. Sau da yawa ganyen darbejiya ne ya toshe magudanar da ke ƙarƙashin abin share gilashi, ko robar ƙofa ta tsufa, ko bututun da ke zubar da ruwan iyakwandishan ya toshe yana zuba a ƙafar fasinja. In ruwan yana da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi, daga hita yake yoyo. Wannan ruwan sanyaya injin ne, guba ne in yaro ko dabba ta sha.

Mai shirin sayen motar hannu ma ya lura. Motocin da ambaliya ta ci a ƙasashen waje, irin su Amurka, akan yi gwanjonsu, wasu a goge su a fitar da su zuwa wasu ƙasashe. Ka ɗaga kafet, ka duba tsatsa a notunan kujera, ka nemi busasshen taɓo a ramin safaya, ka zaro bel har ƙarshe ka ga ko akwai layin ruwa. Sabon kafet a tsohuwar mota da ƙamshin turare mai yawa abin tambaya ne.

Yaushe Za Ka Zo Asibiti?

Ka zo ba tare da ɓata lokaci ba in ka ga ɗaya daga cikin waɗannan bayan ka yi hulɗa da ruwan ambaliya ko motar da ta jiƙe:

Zazzaɓi da ciwon kai da ciwon jiki, musamman a sha-raɓa, da jan ido ko idon da ya koma rawaya. Cutar fitsarin ɓera takan bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 30, ta yi kama da zazzaɓin cizon sauro. Tana jin magani in an kama ta da wuri, in an bar ta kuma tana iya taɓa ƙoda da hanta. Ka gaya wa likita cewa ka shiga ruwan ambaliya, wannan bayanin yana sauya irin gwajin da zai nema.

Gudawa mai ruwa-ruwa ko amai. A fara shan ruwan gishiri da sukari tun daga gida, a kamo hanya.

Raunin da ya kumbura ko ya yi ja ko yake fitar da mugunya. In ƙarfe mai tsatsa ya yanke ka, ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka zo a duba ko kana buƙatar allurar tetanus.

Tarin da ya wuce mako biyu, tari da jini, ko numfashi mai ƙara. Mai asma da ya ga yana yawan ɗaukar maganin shaƙa fiye da yadda ya saba, ko tari yana tashinsa da dare, ya zo a sake duba shi. Ya kuma lura ko ciwon yana tashi ne bayan shiga mota.

Daga Ƙarshe

Rigakafi ya fi magani. Hukumar NiMet mai hasashen yanayi da hukumar NIHSA mai lura da koguna suna fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara, ana kuma sanarwa a rediyo. In an yi gargaɗi, ka ajiye motarka a tudu. Kada ka kutsa cikin ruwan da ba ka ga ƙasansa ba. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30, wato bai kai gwiwa ba, yana iya ɗaga ƙaramar mota ya tafi da ita.

In kuma ruwan ya riga ya shiga, ka tuna abu uku: ka ɗaga kafet, ka fara cikin kwana biyu, kada ka sa yara da marasa lafiya a motar sai ta bushe har ƙasa. In kana da tambaya a kan asma ko tari, ka yi wa likita ko ma'aikaciyar jinya ranar da ka zo ganin likita. Allah Ya ƙara mana lafiya, Ya kai mu kaka lami lafiya.